Ra'ayinmu: A Wikipedia, wanda ya zo da shaida shi ake saurara

Sanin kowa ne cewa a yau da wuya mutum ya shiga rumfa a kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, zuwa Birnin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, bai tarar da wayar salula a hannun mai rumfa ko yaronsa ba. Kuma duk wanda ya taɓa rubuta sunan wani gari, ko wani sarki, ko wani irin kaya a Google domin neman bayani, to galibi cikin abubuwan da ke fara fito masa akwai shafin Wikipedia. Ƴaƴanmu ƴan makaranta daga can suke kwafo amsa, baƙon da ke son sayen albasar Galmi ko fatar akuyar Maraɗi can yake fara leƙawa, kuma manhajojin nan masu amsa tambaya da suka yawaita a ƴan shekarun nan su ma sun sha daga wannan rijiya. Saboda haka abin da aka rubuta a can game da garuruwanmu da tarihinmu ya shafe mu kai tsaye, ko mun karanta ko ba mu karanta ba.

Ita dai Wikipedia kundin sani ce ta intanet wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a Amurka ranar 15 ga Janairun 2001. Tana fitowa a harsuna sama da 300, har da Hausa, kuma ta Ingilishi kaɗai ta kai maƙala miliyan 7 a shekarar 2025. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da injuna da kuɗin tafiyar da aikin, amma ba ita ke rubuta maƙalolin ba. Masu rubutawa ƴan sa kai ne, kuma kusan kowa na iya danna maɓallin gyara ya sauya abin da wani ya rubuta. To, inda aka tara dubban mutane da ba su san juna ba a kan takarda ɗaya, ai dole a yi saɓani, tunda harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne yadda ake raba wannan gardama, domin daga nan ne zai gane nauyin da ya dace ya ɗora wa abin da ya karanta, ya kuma gane yadda zai kare nasa idan an taɓa shi.

Bari mu ɗauki wata rigima da ta yi suna. A bakin tekun Baltik, a ƙasar Polan, akwai wani birni mai tashar jiragen ruwa wanda mutanen Polan ke kira Gdansk, Jamusawa kuma ke kira Danzig. Birnin ya sha sauya hannu. A 1308 wasu mayaƙan Jamusawa suka kama shi, daga baya ya koma ƙarƙashin sarkin Polan har zuwa 1793, sannan ya faɗa hannun Furushiya. A 1920 aka mai da shi birni mai cin gashin kansa, a nan ne kuma aka harba harsasan farko na yaƙin duniya na biyu ranar 1 ga Satumban 1939. Bayan yaƙi, a 1945, ya zama na Polan, Jamusawan da ke cikinsa kuma suka gudu ko aka kore su. Ke nan ga mutumin da aka kori kakansa daga birnin, da kuma mutumin da aka mamaye ƙasarsa daga birnin, sunan da za a rubuta ba ƙaramar magana ba ce.

A Wikipedia ta Ingilishi an daɗe ana ja-in-ja a kan wannan suna. Wannan ya rubuta Gdansk, wancan ya goge ya rubuta Danzig, na farko ya dawo ya mayar, kuma rigimar ta bazu zuwa duk wata maƙala da ta ambaci birnin ko wani da aka haifa a cikinsa. Da abin ya ishi jama'a, sai a watan Fabrairu zuwa farkon Maris na 2005 aka buɗe ƙuri'a ta mako biyu, aka yanka tarihin birnin zamani-zamani, aka tambayi masu gyara sunan da ya dace da kowane zamani. Abin da aka tsayar shi ne a rubuta Gdansk idan ana maganar kafin 1308, a rubuta Danzig daga 1308 zuwa 1945, a koma Gdansk daga 1945 zuwa yau, kuma a farkon ambato a sa ɗaya sunan a gefe domin kada mai karatu ya ɓata. Babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so. Mutanen Polan sun haƙura da shekarun da birnin ke ƙarƙashin sarkinsu amma aka bar masa sunan Jamusanci, Jamusawa kuma sun haƙura da sunan birnin na yanzu. Ƙorafi bai ƙare ba, amma an samu abin da za a nuna wa duk wanda ya zo da niyyar tayar da tsohuwar rigima.

Wannan ƙuri'a ta zamanin farko ce. Tsarin da ya kafu daga baya bai dogara da ƙidayar hannu ba, kuma yana tafiya ne hawa-hawa, kamar yadda rigimar kasuwa kan fara daga masu ciniki biyu, ta je wurin dillali ko dattijon layi, kafin ta kai gaban sarkin kasuwa. Matakin farko shi ne kowace maƙala tana da shafin tarihi da ke adana duk gyaran da aka taɓa yi mata, da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, ta yadda babu mai iya musun abin da hannunsa ya rubuta. Tana kuma da shafin tattaunawa a bayanta, inda ake so duk wanda aka goge wa gyara ya je ya faɗi hujjarsa maimakon ya sake mayarwa. Domin tilasta wannan, akwai dokar da ta hana mutum ɗaya mayar da gyaran wasu fiye da sau 3 a maƙala ɗaya cikin awa 24. Wanda ya ƙetare, akan dakatar da shi na ɗan lokaci, ko da kuwa shi ne mai gaskiya a kan batun. Idan rigima ta yi zafi, masu kula da shafin, waɗanda su ma ƴan sa kai ne da jama'a suka amince da su, sukan kulle maƙalar a yadda suka same ta har sai an daidaita.

Idan mutum biyu suka kasa fahimtar juna, suna iya neman wani na uku da ba ruwansa da rigimar ya faɗi nasa gani. Idan hakan bai wadatar ba, sai a yi shela a gayyaci sauran masu gyara su tofa albarkacin bakinsu, abin da kan ɗauki kimanin kwana 30, ko kuma kwana 7 idan maganar sauya sunan maƙala ce. A ƙarshe wani da bai shiga gardamar ba ne ke rufe ta, kuma aikinsa shi ne ya auna hujjojin da aka kawo da ƙa'idojin kundin. Mutum goma da suka zo suna cewa mu dai haka muke so, ba su kai mutum biyu da suka kawo littafi da lambar shafi nauyi ba. Wannan ne ya sa gayyato ƴan uwa da abokai su zo su cika wuri ba ya amfani, hasali ma laifi ne da kan jawo wa mai yin sa hukunci, kamar yadda buɗe sunaye da yawa domin mutum ɗaya ya zama kamar taro yake laifi.

Ƙa'idojin da ake aunawa da su guda uku ne manya. Ta farko, kundin ba ya ɗaukar ɓangare: inda masana suka saɓa, sai a kawo maganar kowa gwargwadon ƙarfinta a wurin masana, a kuma faɗi wanda ya faɗe ta. Ta biyu, duk maganar da za a iya musantawa sai an nuna inda aka buga ta, a littafi ko jarida ko mujallar bincike da aka san tana tantance abin da take bugawa. Ta uku, ba a yarda mutum ya kawo binciken kansa ko abin da shi kaɗai ya gani ba. Ɗan kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ko a wurin ƴan duwan, rantsuwa ba ta fitar da kaya, takarda ce ke fitar da su.

Can ƙoli kuma akwai kwamitin yanke hukunci wanda Jimmy Wales ya kafa a watan Disamban 2003, wanda yanzu masu gyara ne ke zaɓen mambobinsa. Abin lura game da wannan kwamiti shi ne ba ya yanke hukunci a kan wane ne ke da gaskiya a tarihi ko addini ko siyasa. Halin mutane yake dubawa: wa ya yi zagi, wa ya yi ƙarya da sunan littafi, wa ya haɗa baki da wasu a ɓoye. Yana iya hana mutum taɓa wani fanni, ko ya karɓe muƙamin mai kula, ko ya kori mutum gaba ɗaya. A 2009 ya hana yin gyara daga kwamfutocin ƙungiyar Scientology ta Amurka, bayan doguwar rigima a kan maƙalolin da suka shafe ta. A 2015 kuma ya ƙa'ide cewa maƙalolin rikicin Larabawa da Isra'ila ba mai taɓa su sai wanda ya yi kwana 30 da rajista kuma ya yi gyara 500.

A ganinmu wannan tsari ya cancanci yabo, domin ya raba tsakanin ƙarfin murya da ƙarfin hujja, kuma ya hana hukuma ko mai kuɗi ba da umarni. Ga misali biyu. Tun 1985 gwamnatin Kodebuwa ta roƙi duniya da ta riƙa kiran ƙasar Côte d'Ivoire a kowane harshe, amma a 2012 masu gyaran Wikipedia ta Ingilishi suka mayar da sunan maƙalar Ivory Coast, bisa hujjar cewa shi ne sunan da aka fi amfani da shi a rubuce-rubucen Ingilishi. Ita kuwa Yukiren ta shekara da shekaru tana neman a daina rubuta sunan babban birninta Kiev, wanda ya biyo lafazin Rashanci, a koma Kyiv. An sha kawo buƙatar ana ƙi, sai da manyan kafofin labarai irin su Associated Press da BBC suka sauya a 2019, sannan Wikipedia ta bi sahu a watan Satumban 2020. Darasin a bayyane yake: kundin yana bin abin da aka riga aka buga ne, kuma wanda ke son ya sauya shi sai ya fara sauya abin da ke rubuce a waje.

To amma a daidai nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne maganar ta dawo kanmu. Tsarin da ke cewa sai abin da aka buga, ya fi yi wa al'ummar da ta daɗe tana buga littattafai daɗi. Mu kuwa kaso mai yawa na tarihinmu yana bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada, wani kuma yana cikin takardun ajami da ke ajiye a gafakar malamai. Dattijon da ya san jerin sarakunan garinsu tun daga kakan kakansa, idan jikansa ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa, za a iya gogewa a ce babu madogara, alhali abin da wani Bature mai wucewa ya rubuta bayan ya kwana uku a garin zai zauna daram saboda an buga shi. Wannan rauni ne na gaske, kuma bai kamata masu yabon Wikipedia su rufe ido a kansa ba.

Rauni na biyu shi ne duk waɗannan matakai da muka lissafa suna aiki ne inda akwai jama'a da yawa masu sa ido. Kowane harshe da nasa dokokin da nasa masu kula, kuma inda mutane suka yi kaɗan, ƴan tsiraru na iya mallake wuri. A 2021 gidauniyar Wikimedia ta fitar da rahoton da ya nuna yadda wasu ƴan masu kula suka riƙe Wikipedia ta harshen Kurowashiya shekaru da dama, suna karkatar da tarihin ƙasar zuwa ra'ayinsu na siyasa, suna korar masu ja da su. A 2020 kuma aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotlan ba, ya rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta wannan harshe, ya shekara da shekaru yana yi ba wanda ya tsayar da shi, domin masu harshen ba sa wurin. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma ɓarnar ta riga ta auku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana cikin ɗakin.

Mu Hausawa da iyaka ta raba muna da irin waɗannan batutuwa da ke iya jawo saɓani, kuma gara a san da su tun kafin su taso. Birnin da taswira ke kira Zinder, wanda ya kasance hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926, mu Damagaram muke ce masa. Bayan jihadin da aka fara a 1804, gidan sarautar Katsina na da ya koma Maraɗi, inda har yau ake riƙe da sarautar Sarkin Katsina, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Labarin waɗannan shekaru yadda ake ba da shi a Sakkwato da Katsina ya sha bamban da yadda ake ba da shi a Maraɗi da Tsibiri, kuma kowane ɓangare yana da malamansa da hujjojinsa. Maƙalar da ta kawo ɗaya ta bar ɗaya ta tauye mai karatu. Hanyar da aka bi a kan Gdansk, wato a ba kowane zamani sunansa, a ambaci ɗaya sunan a gefe, a faɗi wanda ya ce kaza da wanda ya ce kaza, ita ce za ta fisshe mu.

Haka nan batun rubutu da kalmomi. A Nijar ana rubuta ƴa da ƙugiya, a Najeriya ana rubuta 'ya da ɗigon sama. Na wannan gefe ya ce duwan da lakwal, na wancan gefe ya ce kwastan da makarantar boko. Masu Ingilishi sun sha irin wannan gardama tsakanin rubutun Ingila da na Amurka, suka kashe ta da ƙa'ida mai sauƙi: maƙalar da ta shafi Ingila a bi rubutun Ingila, wadda ta shafi Amurka a bi na Amurka, wadda ba ta shafi kowa ba a bar ta yadda aka fara ta, kuma kada wani ya bi maƙaloli yana sauyawa don son ransa. Muna ganin masu gyaran Wikipedia ta Hausa za su amfana da irin wannan ƙa'ida, domin ɗan Tawa ko Agadas da ya shigo ya ga an goge kalmarsa an ce ba Hausa ba ce, da wuya ya sake dawowa, kuma rashinsa asara ce ga kowa.

Game da ƙarancin abin da aka buga kuwa, ba a hannu wofi muke ba. Akwai Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, akwai Tarihin Kano da aka fassara zuwa Ingilishi a 1908, akwai littafin André Salifou a kan Damagaram na 1971, da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina na 1981, ga kuma ayyukan Boubou Hama da Djibo Hamani. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, a Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Labarin baka da masani ya ɗauka, ya tantance, ya buga, ya zama shaidar da Wikipedia ke karɓa. Ke nan aikin da ke gabanmu shi ne mu mayar da abin da ke baki zuwa takarda tun dattawan na raye.

A nan ne muke kira ga ƴan kasuwa, musamman manyan Alhazai da ƙungiyoyinsu. Kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin ɗalibin tarihi ya zauna da dattawan gari ya rubuta tarihin kasuwarsu, da hanyoyin fatake, da asalin sana'o'in da garin ya yi suna da su, a buga shi a inda masana za su duba. Wanda ke da ɗa ko ƙane mai ilimi, ya ƙarfafa masa gwiwa ya yi rajista, ya fara da gyaran ƙananan kurakurai, ya koyi ƙa'idoji kafin ya shiga manyan batutuwa. Idan an goge masa gyara, kada ya mayar da zafi, ya je shafin tattaunawa da sunan littafi da lambar shafi, ya yi magana da ladabi, domin a can zagi na iya sa a kori mai gaskiya a bar wanda ya yi kuskure cikin natsuwa. Kuma kada wani ya yi tunanin mai da kundin allon talla, don ana goge tallace-tallace, kuma dokar gidauniyar ta wajabta wa duk wanda aka biya domin ya yi rubutu ya bayyana hakan a fili.

Ga mai karatu kuma, shawararmu ita ce ya riƙa yi wa maƙalar Wikipedia irin binciken da yake yi wa buhun da aka kawo masa, wato ya duba ƙasa kamar yadda ya duba sama. Ya gangara ƙarshen maƙala ya ga littattafan da aka dogara da su, ya lura ko an manna mata gargaɗin cewa ana gardama a kanta ko ba ta da madogara, ya leƙa shafin tattaunawa ya ga abin da ake ja a kai. Maƙalar da aka yi doguwar gardama a kanta aka daidaita, sau da yawa ta fi wadda mutum ɗaya ya rubuta ba wanda ya tanka masa inganci.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙofar wannan kundi a buɗe take ga ɗan Maraɗi kamar yadda take a buɗe ga ɗan Landan, kuma ƙa'idojinsa ba su tambayi mutum ƙasarsa ko dukiyarsa ba, shaidarsa kawai suke tambaya. Idan muka ƙaurace, za a ci gaba da yanke hukunci a kan sunayen garuruwanmu da tarihin kakanninmu ba tare da mu ba, kuma abin da aka tsayar shi ne ƴaƴanmu za su karanta a waya su ɗauka gaskiya. Don haka muna kira ga sarakunan kasuwa, da malaman makarantu, da masu riƙe da tsofaffin takardu a gidajensu, a ɓangarorin iyaka biyu, da su haɗa hannu a fito da shaidar da muke da ita, a buga ta, a kuma kai ta inda ake neman ta.